A Daina Yi Wa Fulin Inji Walda, Robar Cikinsa Ce Ke Tsare Kiranshaf

Akwai wani gyara da ya zama ruwan dare a garejojin ƙananan garuruwa, daga Beli a ƙaramar hukumar Rogo har zuwa Ƙaraye da Gwarzo. Mota ta fara wata baƙuwar ƙara daga gaban inji, fanbel yana kuka, fitilar batir tana kamawa tana ɗaukewa. Bakanike ya leƙa, ya ga babban fulin da ke ƙasan inji yana rawa, robar da ke tsakiyarsa ta tsattsage. Sai ya ce da direba, "Maigida, wannan ba sai an je Kano ba. A kai wa mai walda ya ɗiga masa wuta wuri huɗu, shi ke nan." Kafin a yi la'asar an haɗa, ƙara ta ɗauke, direba ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya loda buhunan masara ko daman rake ya kama hanya yana sa wa bakanike albarka.

Abin da kan biyo baya ba ya zuwa a ranar. Sai an jima, wata rana a kan hanya, inji ya yi wata ƙara ya tsaya. A buɗe a tarar metal ya cinye, ko kiranshaf ya tsage, ko ma ya kare gida biyu. A lokacin babu mai tuna waldar da aka yi watannin baya. Za a ɗora laifin kan baƙin mai, ko lodi, ko a ce dama injin ya tsufa.

A ɗaya gefen kuma akwai matasan da ke sake gina injin tsohuwar BMW ko Honda don gudu da wasan mota. Su nasu kuskuren daga waya yake zuwa. Sun ga bidiyo a TikTok ko YouTube, wani ya cire fulin kamfani mai nauyi ya saka na alminiyam mara nauyi mai sheƙi, ya ce inji ya ƙara kuzari. Direban Beli da matashin birni hanyarsu daban, amma abu ɗaya suka jefar: wata 'yar roba da injiniyoyi suka saka da gangan. Ra'ayin wannan rubutu shi ne, duk injin da ya fito daga kamfani da fuli mai roba, to da fuli mai roba ya kamata ya ci gaba da aiki, kuma duk wanda ya sauke inji don yin ringi bai duba wannan fuli ba, aikinsa da saura.

Kiranshaf murɗewa yake yi

Kiranshaf shi ne dogon ƙarfen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke kwance a ƙasan inji, wanda ke mai da hawa da saukar fistin zuwa juyi. A ido, babu abin da ya kai shi tauri. Amma duk lokacin da mai ya kama wuta a silinda, fistin yana naushinsa da ƙarfin gaske a wuri guda. Ƙarshensa na baya yana ɗaure da fulayiwil mai nauyi da giya da nauyin motar baki ɗaya, saboda haka ba ya saurin amsawa. Sai ƙarfen ya ɗan murɗe, kamar yadda ake murɗa sandar rake a hannu, sannan ya warware, ya zarce zuwa ɗaya gefen, ya sake dawowa. Murɗewar ƙanƙanuwa ce, sau da yawa ba ta kai digiri 1 ba. Yawanta ne abin tsoro.

Lissafin mai sauƙi ne. Inji mai silinda 4 yana tayar da wuta sau 2 a kowane juyi ɗaya. Idan allurar da ke gaban direba ta nuna juyi 3,000 a minti, naushi 6,000 ke nan a minti, wato 100 a kowane daƙiƙa. Mai silinda 6 kuwa sau 3 yake yi a juyi, ya zama 150 a daƙiƙa. Motar da ta tashi daga Rogo zuwa Kano ta yi awa 2 a wannan gudu, kiranshaf ɗinta ya sha naushi sama da 700,000 kafin ta shiga gari.

Kowane ƙarfe yana da saurin kaɗawa na kansa, kamar yadda kowace ƙararrawa take da muryarta. Mai tura yaro a lilo ya san cewa ba ƙarfi ake buƙata ba. In dai turin yana zuwa daidai lokacin da lilon ya dawo, kaɗan-kaɗan zai yi sama har yaron ya fara ihu. Haka yake a inji. Akwai wasu matakan gudu da naushin fistin ke dacewa da kaɗawar kiranshaf, sai murɗewar ta riƙa ninkuwa. Wanda ya taɓa karya wayar ƙarfe da hannu ya san ƙarshen labarin: lanƙwasa ɗaya ba ta yin komai, amma in aka yi ta kaiwa da komowa, sai ta yi zafi ta tsinke. Injin da ya fi dogon kiranshaf, irin mai silinda 6 a jere, da injin dizal mai naushi da ƙarfi, su suka fi fuskantar wannan haɗari.

Aikin da robar take yi

Matsalar tsohuwa ce. Tun farkon ƙarni na 20 masu ƙera motoci masu silinda 6 a Ingila suka sha fama da karyewar kiranshaf, har injiniya Frederick Lanchester ya yi rajistar wata na'ura ta kwantar da wannan murɗewa a wajejen 1910. Fulin da ke gaban yawancin injinan yau jikan waccan na'ura ne, shi ya sa a kasuwar kayan gyara ake kiransa damfa.

Gida biyu ne. Akwai cibiya da ke ɗaure da bakin kiranshaf, akwai zoben ƙarfe mai nauyi a waje, sai roba da ta haɗa su. Idan bakin kiranshaf ya fizga gaba, zoben mai nauyi yakan ɗan yi jinkiri. Idan ya fizga baya, zoben yana kan tafiya gaba. Robar da ke tsakani ita ke shan wannan jayayya, ta mai da ƙarfin fizgar ya zama zafi ya bi iska. Nauyin zoben da taurin robar ba da ka aka zaɓe su ba, an auna su ne daidai da kaɗawar kiranshaf na wannan injin. Shi ya sa fulin wani inji, ko ya shiga daram, ba lallai ya yi aikin ba.

To idan aka yi walda, an haɗe cibiya da zobe sun zama dunƙulen ƙarfe ɗaya. Fanbel zai juya, altaneta za ta caja batir, amma babu sauran abin da ke shanye murɗewa. Bugu da ƙari, an ƙara wa bakin kiranshaf mataccen nauyi, wanda kan sauko da matakin haɗarin zuwa gudun da direba ya fi zama a kai. Sannan da wuya mai walda ya saita zoben a tsakiya daidai, ga ɗigon walda da ya fi yawa a gefe guda. Wannan rashin daidaito shi ke cin oyilsil na gaba da metal na farko.

Masu rubuta manhaja sun san irin wannan kuskure. Sabon shiga ya buɗe aikin wani, ya ga wasu layuka da bai gane amfaninsu ba, ya goge, manhaja ta ci gaba da aiki, ya ce ai ga shi nan ba su da amfani. Sai ranar da masu amfani suka yi yawa komai ya rushe, sannan a gane dalilin da ya sa aka rubuta su. Kamfanin mota yana ƙirga kowane kwabo a kan kowane inji. Da fulin ƙarfe zalla zai wadatar, da bai kashe kuɗi a kan mai roba ba.

Hujjar masu walda

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin bakaniken ƙauye ba wawa ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a kasuwa a watan da ya biyo, kayan gyaran mota sun yi tashin gwauron zabi. Direban da ke Beli, in yana son fuli mai kyau, sai ya aika ko ya je Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ko ya nufi Zariya. Ga kuɗin mota, ga yinin aiki da ya tafi, ga iyali na jiran cefane. Ko ya je ma, sababbin da ke cikin kwali da yawa jabu ne, robarsu ba ta jure zafin Afrilu. Mai walda kuwa yana nan bakin tasha.

Za kuma su ce ga motar wane an yi mata walda shekara da shekaru tana nan tana aiki. Wannan ma gaskiya ne. Wasu ƙananan injina masu silinda 4 da gajeren kiranshaf, musamman na da, da fulin ƙarfe zalla suka fito daga kamfani, kuma inji irin wannan da ba a matsa masa yana iya jurewa. Amma ana ganin motar da ta tsira ne kawai saboda tana kan hanya. Wadda kiranshaf ɗinta ya kare tana bayan gareji an ɗora ta a kan duwatsu, babu mai lissafa ta cikin hujja.

Inda walda take da uzuri shi ne gaggawa. Fuli ya rabu a tsakiyar hanya da dare, ga fasinjoji da mata da yara, to a ɗiga masa wuta a lallaɓa a isa gari. Laifin shi ne a mai da gyaran fita kunya ya zama gyaran dindindin. Kuɗin fuli ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin kiranshaf da metal da gasket da ladan sauke inji, balle kuɗin wani injin Baljiyam sukutum. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan ma har tana iya cinye jarin mutum.

Masu neman gudu

Matashin da ke gina inji don wasa ya fi direban haya buƙatar damfa, domin shi kullum allurarsa tana kusa da jan layi. Injinan BMW masu silinda 6 a jere, irin M50 da M52 da M54 da ke cikin E36 da E46 da matasa ke so, an san su da wata matsala idan aka daɗe ana kai su ƙololuwar juyi: kaɗawar kiranshaf kan kwance notin famfon baƙin mai. Da zarar ya kwance mai ya daina zagayawa, inji kuma ba ya ɗaukar lokaci ya ƙone. Wanda ya cire damfa daga irin wannan inji ya saka fulin alminiyam, garin neman ƙiba ya samo rama. Ɗan kuzarin da zai ji wajen tashi bai kai darajar injin ba.

Abin lura shi ne, masu tseren gaske ba jefar da damfa suke yi ba, ƙara masa inganci suke yi. Kamfanin ATI na Amurka yana yin nasa da zobban roba da ake iya sauyawa. Fluidampr kuwa zoben ƙarfe ne ke iyo cikin wani ruwan silikon mai kauri a rufaffen gida, irin fasahar da aka daɗe ana amfani da ita a manyan injinan dizal. A Amurka har ma'auni aka kafa, SFI 18.1, wanda ake buƙata ga motocin tsere masu tsananin gudu, saboda kada zoben ya tarwatse ya raunata mutane.

Sai dai a nan ma akwai wani tarkon. Waɗannan damfofi ɗaruruwan daloli ne kafin kuɗin jigila da kwastan. Golf ko Sharon ko Hiace da ke jigila tsakanin Rogo da Ƙaraye ba ta da buƙatarsu, haka ma motar gida da ba a taɓa injinta ba. Suna da ma'ana ne ga wanda ya saka tabo, ko ya ɗaga iyakar juyi, ko ya sauya kiranshaf da fistin da fulayiwil, domin a lokacin ya canza lissafin da kamfani ya yi. Ga kowa da kowa, lafiyayyen fuli irin na asali ya isa.

Abin da waya ke iya gani

Masu karatu da yawa sun san cewa a cikin kowace wayar zamani akwai na'urar jin motsi, wadda ke juya allo idan an karkata waya. Manhajoji irin phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta fitar kyauta, suna iya nuna saurin girgizar da wayar ke ji. A ɗora waya a kan dashbod inji yana aiki a tsaye a juyi 750 a minti. Juyi 12.5 ke nan a daƙiƙa, kuma mai silinda 4 zai nuna babban tsini a wajen 25. Idan wani tsini ya taso a wajen 6, alama ce cewa silinda ɗaya ba ta tayar da wuta daidai, sai a duba fulogi ko kwayil ko nozil. Idan kuwa tsinin 25 ɗin ne ya yi tsawo har sitiyari na kaɗawa, a fara zargin robobin injin sit.

Amma waya tana da iyaka. Tun daga Android 12, manhaja ba ta karɓar bayanin motsi fiye da sau 200 a daƙiƙa sai da izini na musamman, kuma a ƙa'ida abin da ake aunawa sau 200 ba ya nuna girgizar da ta wuce 100. Kaɗawar kiranshaf kuwa ɗaruruwa ce a daƙiƙa. Ko da wayar ta kai wannan sauri, murɗewa a cikin ƙarfen take faruwa, kaɗan ne ke fitowa jikin mota. Injiniyoyi da na'ura ta musamman suke auna ta a bakin kiranshaf. Wannan ne ya sa walda ke yaudara: direba ya ji mota ta yi shiru, waya ta nuna komai lafiya, alhali ƙarfe yana gajiya a ciki.

Inda waya ta fi amfani shi ne kyamara. A kashe inji, a haska fitila, a ɗauki hoton robar kusa. Tsagewa, kumburi, gutsurewa ko jiƙewa da baƙin mai duk alamu ne cewa ta kusa. A samu farin fenti a ja layi ɗaya daga cibiya ya ratsa roba zuwa zoben waje, a ɗauki hoto. Bayan mako guda a sake dubawa; in layin ya rabu biyu, zoben yana zamewa. Sannan a tayar da inji a ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya daga ɗan nesa, za a ga ko fulin yana rawa. A kiyaye hannun riga da igiyar caja da yatsu, fanbel ba ya da tausayi. A tsofaffin injina da alamar tayimin take jikin zoben, zamewarsa na sa bakanike ya saita wuta a kan alamar ƙarya, mota ta riƙa shan mai tana zafi.

Ƙaramar na'urar ELM327 da ake soka wa mota ta yi magana da waya ta Bluetooth, tare da manhaja irin Torque, ita ma tana taimakawa wajen rarrabe matsala. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 da masu fetur na Turai daga 2001 suna da wannan kafa. Lamba irin P0300 tana nuna wuta ce ke tsallake. Babu lambar da ke cewa robar fuli ta mutu, wannan aikin ido ne.

Ranar da aka sauke inji

Lokacin ringi shi ne lokaci mafi sauƙi na gyara wannan, domin an riga an kwance komai. Mai mota yana da haƙƙin ya ce, "Oga, a nuna mini fulin tukuna." In na walda ne ko robar ta tsage, a saka shi cikin lissafin kaya tare da ringi da metal da gasket. In na Baljiyam za a saya, a duba robar da kyau, a tabbatar na wannan injin ne ta lambar da ke jiki, domin roba tana tsufa ko a ajiye take. A sauya oyilsil na gaba, saboda baƙin mai da ke ɗiga shi ne babban makashin robar.

Wajen ɗaurawa ma akwai ƙa'ida. Buga fuli da guduma yana lalata robar, yana kuma cutar da metal ɗin da ke hana kiranshaf motsi gaba da baya. Cirewa da fula ake yi, a kama cibiya, kada a ja zoben waje. Babban notin tsakiya yana da ma'aunin ɗauri da kamfani ya rubuta, kuma a injina da yawa sau ɗaya ake amfani da shi. Wannan ma'auni yana cikin littafin gyaran motar, wanda yaron gareji mai waya zai iya nemowa a intanet cikin 'yan mintuna.

A nan matasa masu waya suke da rawar takawa. A kusan kowane gareji daga Beli zuwa Ƙaraye akwai yaro mai koyon aiki da ke da data, ko ɗan direba da ya iya bincike. Maigidansa ya fi shi sanin ƙarfe nesa ba kusa ba, shi kuma ya fi saurin nemo lambar kaya da ma'aunin noti, ya tura hoton fuli ta WhatsApp ga mai shago a Ƙofar Ruwa a sako shi a motar Rogo. Idan ya kawo bayanin cikin ladabi, ba da sigar koya wa babba aiki ba, da wuya a ƙi saurara. Direban da motar nan ita ce gonarsa kuma ita ce shagonsa, gara ya yi asarar yini ɗaya yana jiran fuli daga Kano da ya yi wata guda yana neman bashin kuɗin inji a tsakiyar kaka, lokacin da lodi ya fi yawa.